Ƙwayar Cutar da Ke Ɓoye Cikin Hanci, da Aikin Sauya Gaɓa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da cuta, Ya kuma saukar da magani. Bayan haka, wannan bayani ne ga malamai da 'yan kasuwa na ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa.

A waɗannan ƙasashe ba a rasa dattijon da gwiwa ta ci har ya koma salla a zaune, ko saurayin da amosanin jini ya lalata masa kan ƙashin kwatangwalo, ko direban da ya karye a hanyar dajin Falgore. Idan abin ya fi ƙarfin maɗori, akan nufi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe cikin 1959. Can likita kan cire gaɓar da ta lalace, ya sa ta ƙarfe da roba a madadinta. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan aiki cikin 1962.

To, amma aikin yana da abokin gaba, kuma sau da yawa majinyacin ne ke zuwa da shi. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, likitoci suna kiranta Staphylococcus aureus, ita ce mai kawo maruru. Kimanin mutum ɗaya cikin 3 yana ɗauke da ita a hanci ko a fata, yana nan lafiya lau. Idan ta sami hanya cikin rauni ta kai ga ƙarfen, sai ta manne, ta yi wa kanta rufi mai yauƙi. Ƙarfe ba shi da jini, don haka magani ba ya isarta sosai. Sai ruwa ya taru, zazzaɓi ya zo, wani lokaci dole a sake yanka a fitar da ƙarfen. Mutumin da ya sayar da shanu da gona don aiki ɗaya, ina zai sami na biyu?

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne waɗansu daga cikin ƙwayoyin sun daina jin magani. Cikin 1961 aka fara ganin irin da ake kira MRSA a Ingila, yau kuwa ta game duniya. Tun 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi cewa shan magani ƙasa da ƙima yana koya wa ƙwayar juriya. Lalle masu tallar kafso ja da rawaya a tire ranar kasuwa, da masu saye biyu su haɗiya don ciwon kai, su duba wannan magana.

Dabarar tsaro kuwa mai sauƙi ce. Kafin ranar aiki akan shafi cikin hanci da auduga a gwada. Idan an sami ƙwayar, sai a ba da man shafawa mai suna mupirocin, a sa a ƙofofin hanci safe da yamma har kwana 5, a kuma yi wanka da sabulun chlorhexidine, a sauya tufafi da zanen gado. A ƙasar Holan an jarraba haka, aka bayyana sakamako cikin 2010: masu kamuwa sun ragu da fiye da rabi.

Wani zai ce ai mai alwala yana shaƙa ruwa ya face kullum. Gaskiya ne, alwala tsarki ce kuma tsabta ce, amma ruwa kaɗai ba ya tumɓuke wannan ƙwaya, sai da maganinta. Kuma kada a sayi man a yi ta shafawa ba umurnin likita, domin shi ma takan koyi jure masa.

Saboda haka wanda za a yi wa aiki ya tambayi likita batun gwajin hanci. Ya faɗa masa in yana da maruru ko gyambo ko ciwon sukari. Kada ya aske gashin wurin da reza. Masu zuwa dubiya su wanke hannu, su bar raunin a rufe, kada a zuba masa rubutu ko garin magani. Addu'a tana isa daga nesa. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, amin.