Ziyarar Bakin Teku

In ka sami hutu, kana da guzuri, akwai wani wuri a ƙasar Gana da ya isa kallo. Turawa suna ce da shi Cape Three Points, don ƙasa ta yi tsini uku cikin teku. Nan ne iyakar Gana ta kudu. Daga Takoradi sai ka yi yamma, ka ratse a Agona Nkwanta.

In ka isa, ga itatuwan kwakwa, ga rairayi, ga masunta da jiragensu. Bisa tudu akwai hasumiyar fitila wadda aka gina cikin 1925, don jirage su kauce wa duwatsu da dare.

To, amma ka sani teku ba kogi ba ne. Yakan cika ya janye sau biyu cikin dare da rana, wata ke jan ruwan. Dutsen da ka zauna bisansa da hantsi, watakila da la'asar ruwa ya shanye shi. Ko kai gwanin iyo ne a Kwara, kada ka shiga sai ka tambayi masunta. In ruwa ya ja ka ciki, kada ka yi kokawa da shi, gajiya za ka yi. Yi iyo a gicciye, ka bi tsawon gaɓa, har ya sake ka.