Toshe Layukan Unguwa a Biranen Ingila: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Tun daga shekarar 2020, da wuya a sami abin da ya haɗa maƙwabta faɗa a biranen Ingila kamar akwatin katako da aka shuka furanni a ciki, aka girke shi a tsakiyar layi don kada mota ta wuce. An yi zanga-zanga a kansa, an je kotu, an tumɓuke turakun da hukuma ta kafa, a birnin Oxford har wuta aka cinna wa wasu. Daga nan magana ta bazu a kafofin sada zumunta cewa gwamnati ce ke shirin kulle mutane a unguwanninsu. Wasu daga cikin abubuwan da ake faɗa ƙarya ce tsagwaronta, wasu gaskiya ne, mafi yawansu kuwa gaskiya ce da aka cakuɗa da son rai. Ga yadda abin yake.

Mene ne tsarin?

Direban da ya tarar da cunkoso a babban titi yakan ratse ta cikin unguwa ya ɓulla gaba. A da sai ɗan gari ne ya san waɗannan hanyoyi, yanzu kuwa manhajoji irin su Waze da Google Maps suna nuna wa kowane baƙo. Layin da aka yi don masu gidaje sai ya koma hanyar wucewa. Maganin da ƙananan hukumomi suka kawo, wanda ake kira LTN a taƙaice, shi ne a toshe layin a wani wuri guda, da turke ko akwatin furanni, ko a kafa kyamara mai ɗaukar lambar mota. Mai tafiya a ƙasa da mai keke su wuce abinsu, mai mota ya zagaya ta babban titi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. An toshe layukan unguwar De Beauvoir da ke Landan tun shekarun 1970, birnin Groningen na ƙasar Holan kuma ya raba tsakiyarsa gida huɗu a 1977 don hana motoci ratsewa. Ƙaramar hukumar Waltham Forest da ke Landan ta fara nata a 2014, kuma ranar da aka buɗe titin Orford a 2015, masu adawa da akwatin gawa suka zo, alamar an kashe musu kasuwa. Abin da ya sauya a 2020 shi ne gaggawa. Lokacin annobar korona gwamnati ta ware fam miliyan 250 don ƙarfafa tafiyar ƙasa da hawan keke, ta ce a yi aiki cikin makonni. Mutane da yawa sun wayi gari ne kawai suka ga an toshe musu hanyar da suka saba bi.

"Za a kulle mutane a unguwanninsu": ƙarya ne

Babu gidan da mota ba za ta iya zuwa ƙofarsa ba, kuma babu wanda ke neman izini kafin ya fita unguwa. Wannan ba irin ƙofar ƙarfen da ake sa wa layi a garuruwanmu ba ce, wadda maigadi ke garƙamewa da dare. Abin da aka hana shi ne mota ta shiga ta wannan baki ta fita ta wancan.

Jita-jitar ta samo asali ne daga Oxford, inda aka haɗa abubuwa biyu da ba su da alaƙa. A Nuwamban 2022 majalisar gundumar Oxfordshire ta amince da kafa kyamarori a wurare shida a kan manyan hanyoyi, inda motar gida ba za ta wuce a wasu sa'o'i ba sai da takardar izini. Mazauna birnin za su sami izinin kwana 100 a shekara, sauran ranakun su bi hanyar da ta kewaye gari, su shiga ta wani ɓangaren. Bas da tasi ba su cikin dokar. A gefe guda, majalisar birnin, wadda hukuma ce daban, ta sa a kundin tsarinta burin "birni mai minti 15", tunanin Farfesa Carlos Moreno na birnin Faris: a ce shago da makaranta da asibiti suna kusa da kowa, tafiyar minti 15 a ƙasa ko a keke. Masu yaɗa magana suka ɗinke biyun, suka ce ba za a bar kowa ya wuce tafiyar minti 15 daga gidansa ba. Hukumomin biyu sun fito sun ƙaryata a Disamban 2022, amma duk da haka dubban mutane suka yi maci a Fabrairun 2023, aka riƙa aika wa kansiloli barazanar kisa. Har ministan sufuri na lokacin, Mark Harper, ya hau mumbarin taron jam'iyyarsa a Oktoban 2023 yana gargaɗi kan hukumomin da za su ƙayyade wa mutane zuwa kasuwa, alhali babu hukumar da ta ce za ta yi hakan.

"Motocin ba su ragu ba, tura su aka yi titin wasu": gaskiya a wani wuri, ƙarya a wani

Nan ne gizo ke saƙa. A Janairun 2023 masu bincike na Jami'ar Westminster suka tattara ƙididdigar unguwanni 46 a ƙananan hukumomi 11 na Landan. A cikin layukan da aka toshe, motoci sun ragu da kusan rabi. A manyan titunan da suka kewaye su, ƙarin bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba idan aka haɗa lissafi. Wato wani kaso na tafiye-tafiyen ɓacewa ya yi: wanda a da ke tayar da mota don sayen burodi ya koma takawa da ƙafa, wani ya haɗa saƙo biyu a fita ɗaya.

Sai dai lissafin jimla yana ɓoye abu. Kusan rabin titunan kewayen sun sami sauƙi, ɗaya rabin kuma motoci suka ƙaru musu, wasu sosai. Wanda tagar ɗakinsa ke kallon irin wannan titi, idan aka karanta masa matsakaicin lissafin Landan, ba a amsa kukansa ba.

Misali mafi nauyi shi ne na Rosamund Adoo-Kissi-Debrah. 'Yarta Ella ta rasu a 2013 tana da shekara 9, bayan fama da ciwon asma, gidansu kuma yana dab da babban titin South Circular a Lewisham. A Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatar iska na cikin abin da ya kashe ta, karon farko da aka rubuta haka a takardar mutuwa a Birtaniya. Wannan uwa, wadda ba wanda zai ce ba ta damu da tsabtar iska ba, tana cikin waɗanda suka soki toshe layukan yankinsu, don a ganinta hayaƙin ya ƙaru a kan masu zama a bakin babban titi. Haka a Streatham, ƙaramar hukumar Lambeth ta dakatar da tsarin a Maris na 2024, bayan bas-bas sun riƙa maƙalewa a babban titi, fasinja na ɓata lokaci mai yawa a tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. A Islington kuwa, binciken kwalejin Imperial a unguwanni uku ya nuna iskar guba ta ragu a ciki da kuma a titunan kewaye. Duka biyun sun faru. Tsarin titunan kowane wuri shi ke yanke hukunci.

"Motar asibiti da ta kashe gobara ba sa iya shiga": an ƙara gishiri

Ruwa ba ya tsami banza. A farko, inda aka yi amfani da turaku da akwatuna, hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta Landan ta yi ƙorafin cewa direbobinta kan iso su tarar da hanya a toshe, sai sun juya. 'Yan kwana-kwana ma sun ba da rahoton irin wannan. Amma da masu bincike suka duba ainihin lokacin da motar kashe gobara ke ɗauka kafin ta isa wurin da aka kira ta, a Waltham Forest da kuma unguwannin da aka toshe a 2020, ba su ga ya ƙaru ba. Hukumomi da yawa sun kuma cire shingen suka sa kyamara, yadda motar gaggawa za ta wuce kai tsaye.

"Don unguwannin masu kuɗi aka yi": rabin gaskiya

Bincike a kan waɗanda aka kafa a Landan a 2020 ya nuna mazauna yankunan talakawa sun fi na masu hali samun kansu a cikin irin wannan unguwa, fiye da ninki biyu. A Hackney da Islington, kusan gida biyu cikin uku ba su da mota ma sam, su ne kuma ke shaƙar hayaƙin masu ratse. Amma akwai unguwanni na masu hannu da shuni, irin su Dulwich, da suka sami tsit yayin da maƙwabtansu na bakin titi ke kuka. Wanda ya kawo wannan misali bai yi ƙarya ba, sai dai bai kawo hoton duka ba.

"Hanyar tatsar kuɗi ce": kuɗin dai ana karɓa

Kafin a ƙara ta a 2025, tarar wuce kyamara a Landan ta daɗe a kan fam 130, rabi idan an biya cikin mako biyu, kuma wasu ƙananan hukumomi sun tara miliyoyin fam. Direbobi da yawa sun ce ba su lura da allon ba, musamman inda aka kafa shi a kwana ko ya ɓuya a bayan bishiya, kuma wannan ƙorafi ne mai tushe. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne doka ta ƙayyade inda rarar kuɗin za ta tafi, galibi harkar sufuri da gyaran tituna, sannan tarar kan ragu idan mutane sun saba da hanyar.

"Babu mai so": ƙarya ne. "Ba a tambaye mu ba": sau da yawa gaskiya ne

A Yulin 2023 Firaminista Rishi Sunak ya ba da umarnin a sake duba tsarin, yana cewa shi yana tare da masu mota. Rahoton da ya fito a Maris na 2024 bai ba shi abin da ake zaton yana nema ba. A yankuna huɗu da aka ji ra'ayin mazauna, a Landan da Birmingham da Wigan da York, kashi 45 cikin 100 sun goyi baya, kashi 21 sun ƙi, fiye da rabi ma ba su san suna zaune a cikin irin wannan unguwa ba.

Batun shawara kuwa, nan hukumomi suka fi faɗuwa. Ƙungiyar Transport for All ta masu buƙata ta musamman ta fitar da rahoto a 2021 cewa ba a tuntuɓe su ba, alhali wanda ba ya iya tafiya sai da mota shi ne zagaye ya fi cuta, ga ƙarin kuɗin tasi, ga mai jinya na makara. Sai daga baya hukumomi da dama suka fara ba su izinin wuce kyamara. Ƙaramar hukumar Ealing ta cire bakwai daga cikin tara nata a 2021. A Mayun 2025 babbar kotu ta yanke cewa Lambeth ta saɓa doka a West Dulwich, saboda mazauna sun miƙa mata doguwar takardar ƙorafi amma ba ta duba ta yadda ya kamata ba kafin ta yanke shawara.

Abin da ya tabbata

Ribar da ta fi fitowa fili ita ce ta rai. Binciken da aka wallafa a 2025 a kan unguwanni 113 na Landan ya nuna raunukan haɗarin mota sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a cikinsu. A Waltham Forest, inda tsarin ya daɗe, an ga mallakar mota ta ɗan ragu, laifukan kan titi ma haka, ban da satar keke da ta ƙaru. Amma magoya baya da ke cewa toshe layi zai magance cunkoson birni ko gurɓatar iskarsa, su ma sun zarce. Wannan magani ne na layi, ba ya taɓa babban titi sai an haɗa da bas mai sauri da rage yawan motoci gaba ɗaya.

Babbar ɓarnar da labarin kulle mutane ya yi ita ce ya ba hukumomi damar yi wa kowane mai ƙorafi kallon mai yaɗa jita-jita, har da gurgun da tafiyarsa ta ninka da fasinjan da bas ɗinsa ya maƙale. Don haka duk wanda ya ji magana a kan wannan tsari, ya tambayi abu uku: wane titi ake nufi, nawa ne motocin da ke binsa kafin a toshe da bayan an toshe, kuma wa aka tuntuɓa kafin a yi. Mai gaskiya, na kowane ɓangare, zai iya amsa su. Wanda ya kasa, ra'ayinsa yake faɗa, ba labari ba.