Me ke hana kwamfutoci aika wa juna fayiloli a asirce?

Bankuna da kamfanoni da ma'aikatun gwamnati da dama sun dogara ne ga jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta domin ta riƙa aika fayiloli da kanta, galibi cikin dare, ba tare da sa hannun mutum ba.

Sai dai akan wayi gari a tarar aikin ya tsaya cik, alhali kuwa babu wanda ya taɓa umarnin, abin da kan jawo jinkirin biyan albashi ko rufe lissafin kuɗi.

Akasarin irin wannan aike dai ana yin sa ne ta hanyar SFTP, wadda aka gina a kan tsarin SSH da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro a ƙasar Finland a shekarar 1995.

Kafin a aika komai, kowace daga cikin kwamfutocin biyu takan gabatar da jerin hanyoyin ɓoye bayanai da na sa hannu da ta iya. Idan ba a sami wadda dukansu suka yi tarayya a kai ba, nan take a katse hulɗar.

Tushen matsalar

Sau da yawa saɓanin kan biyo bayan sabunta manhaja a ɓangare guda, a bar ɗayan da tsohuwa.

A shekarar 2015 manhajar OpenSSH ta daina amincewa da makullan DSA kai tsaye, kafin ta cire su gaba ɗaya a 2025.

A 2017 kuma masu bincike na kamfanin Google da cibiyar CWI da ke Amsterdam suka nuna cewa za a iya samar da fayiloli biyu mabambanta masu hatimin SHA-1 iri ɗaya, wato ana iya yin jabu.

Hakan na daga cikin dalilan da suka sa OpenSSH 8.8, wadda aka fitar a watan Satumban 2021, ta rufe sa hannun RSA mai amfani da SHA-1. Tsofaffin na'urorin da ba su san wata hanya ba sai suka zama saniyar ware.

Matakan gyara

Matakin farko shi ne a gudanar da umarnin da hannu, a ƙara masa alamar -vvv, wadda kan bayyana abin da kowane ɓangare ya gabatar da kuma inda aka rabu.

Ya kamata a yi hakan da asusun da ke gudanar da aikin cikin dare, domin kowane asusu yana da nasa makullan da nasa saitin.

Idan matsalar ta SHA-1 ce, ba lallai ba ne a sauya makullin RSA, tun da OpenSSH ta iya sa hannu da SHA-2 tun daga 2016. Abin da ake buƙata shi ne a sabunta tsohuwar manhajar.

Inda hakan bai yiwu ba, ana iya sake buɗe tsohuwar hanyar da saitin HostKeyAlgorithms da PubkeyAcceptedAlgorithms, amma ga waccan na'ura kaɗai.

Masu kula da OpenSSH dai sun yi gargaɗin cewa wannan matakin wucin gadi ne, kafin a sabunta na'urar ko a koma ga wani makulli irin su Ed25519.