Yadda ake dasa zoben duwatsun sararin samaniya a cikin wasan kwamfuta

A ranar 3 ga watan Agustan 1974, wani dutse mai nauyin kusan kilo biyar ya faɗo daga sama a yankin Mayo Belwa da ke jihar Adamawa ta yau. Masana da suka bincike shi sun sanya shi cikin wani rukunin duwatsu da ba a cika samun irinsu ba, suna kuma kyautata zaton ɓallowa ya yi daga ɗaya daga cikin duwatsun da ke kewaya rana a bayan duniyar Mars. Wannan yanki shi ake kira zoben duwatsun sararin samaniya. Babu ɗan Adam da ya taɓa zuwa can, amma ɗalibin kimiyyar lissafi ko na kwamfuta da ke zaune a Sangere, kusa da Jami'ar Modibbo Adama, zai iya gina kwatankwacinsa a ɗakinsa, matuƙar yana da kwamfutar tafi-da-gidanka da wasan kwaikwayon tuƙa kumbo.

Wasan da ya fi suna a wannan fage shi ne Kerbal Space Program, wanda kamfanin Squad na ƙasar Meziko ya fara fitarwa a 2011. A cikinsa ɗan wasa ne ke haɗa roka, ya harba ta, ya lissafa man da zai kai shi inda ya nufa. A 2014 aka saka duwatsun sama a wasan tare da haɗin gwiwar hukumar NASA ta Amurka, sai dai galibinsu kusa da Kerbin suke bayyana, wato duniyar da ke tsaye a madadin tamu. Masu sha'awar wasan ne suka rubuta ƙananan manhajojin ƙari, irin su Outer Planets Mod da ke ƙara duniyoyi masu nisa, da Custom Asteroids da ke bai wa mutum damar tsara inda duwatsu za su riƙa fitowa.

Wanda ya saba kallon fina-finai zai ɗauka aikin bai wuce zuba duwatsu birjik ba, kumbo yana kutsawa yana kauce musu kamar ɗan Keke Napep a cunkoson kasuwar Jimeta. Zoben gaskiya ba haka yake ba. An riga an gano duwatsun sama fiye da miliyan ɗaya, mafi yawansu tsakanin Mars da Jupiter, amma da za a dunƙule su gaba ɗaya, nauyinsu ba zai wuce kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari na nauyin wata ba. Mafi girmansu, Ceres, wanda Giuseppe Piazzi ya gano a birnin Palermo ranar 1 ga Janairun 1801, faɗinsa kimanin kilomita 940 ne. Tazarar da ke tsakanin dutse da ɗan'uwansa kuwa takan kai kusan kilomita miliyan ɗaya.

A ɗauka an rage nisan da ke tsakanin duniya da rana ya koma kilomita ɗaya, aka ajiye rana a bakin ƙofar jami'a a Sangere. Faɗin ranar zai zama mita tara da ɗoriya, duniyarmu kuma kamar lemon zaƙi. Zoben zai faro daga kilomita biyu ya miƙe zuwa uku da ɗan kai, Ceres ya yi girman ƙwayar wake, dutse mai faɗin kilomita guda kuwa ya zama kamar ƙwayar ƙurar hunturu, kuma tsakaninsa da na kusa da shi akwai taku bakwai ko takwas. Shi ya sa tun daga kumbon Pioneer 10 da ya fara ratsa yankin a 1972, ba a samu kumbon da ya yi karo da babban dutse a can ba. Zobe na biyu, wanda ake kira Kuiper, sai an yi tafiyar kilomita 30 zuwa 50 a wannan ma'auni, an haye gadar Binuwai an bar Jimeta a baya, kafin a isa gare shi.

Nan ne mai tsara wasa ke shiga tsaka mai wuya. Idan ya bi gaskiya sau da ƙafa, ɗan wasa zai ratsa zoben bai ga komai ba, ya ce an yaudare shi. Idan ya cunkusa duwatsu, ya koyar da ƙarya. Wasan Elite Dangerous na kamfanin Frontier da ke Ingila ya zaɓi tara duwatsun gungu-gungu a wasu wurare domin ido ya ƙoshi. Kerbal ya ɗauki hanyar da ta fi kusa da aikin masana: duwatsu kan bayyana ɗaya bayan ɗaya a matsayin abin da ba a tantance ba, wanda ɗan wasa ya zaɓi bin sawunsa ya zauna, wanda aka yi watsi da shi ya ɓace bayan wani lokaci. Wannan dabara ta fi dacewa da mai karatu, ta kuma fi sauƙi ga kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, irin wadda mafi yawan ɗalibai ke iya saya.

Dalilin sauƙin yana cikin lissafi. Kwamfuta ba ta bin motsin kowane dutse daƙiƙa bayan daƙiƙa. Lambobi shida ne ke bayyana hanyar kowane abu mai kewaya rana, ciki har da girman da'irar, da yadda ta miƙe ta zama kamar ƙwai, da yadda ta karkace. Da waɗannan lambobi ake gano inda dutse yake a kowane lokaci, bisa ƙa'idojin da Johannes Kepler ya fitar a farkon ƙarni na 17. Sai kumbo ya matso kusa, kimanin kilomita biyu da rabi, sannan wasan ke farkar da dutsen ya fara lissafa karo da juyawa. Saboda haka mai dasa zobe ba duwatsu yake zanawa ba; iyakoki yake rubutawa: daga nisa kaza zuwa kaza, karkata kada ta wuce kaza, dutse nawa zai fito a kwana nawa.

Wannan sauƙi yana da farashi. Wasan na la'akari da ƙarfin jan abu ɗaya ne kawai a lokaci guda, alhali siffar zoben gaskiya aikin Jupiter ce. Janta ne ya hana duwatsun haɗewa su zama duniya, ita ce kuma ta share wasu layuka a cikinsa suka zama wayam, giɓin da Daniel Kirkwood ya lura da su a 1866. A wasan, giɓin ba za su samu da kansu ba ko an jira shekara dubu. Dole a raba zoben kashi-kashi da hannu. Akwai manhajar ƙari mai suna Principia da ke lissafa jan dukkan duniyoyi, amma tana nauyaya wa kwamfuta ƙwarai.

Matsala ta gaba ita ce nisa kansa. Nau'in lambar da injinan wasanni suka fi amfani da shi ba ya riƙe fiye da alƙaluma bakwai daidai. A nisan kilomita miliyan 400 daga rana, kuskuren auna wuri kan kai kilomita 30, kumbo ya dinga karkarwa har ya wargaje. Maganin da aka samo shi ne a tsayar da kumbon a tsakiya, a riƙa matsar da sauran sararin a kewayensa.

Zoben Kuiper, wanda David Jewitt da Jane Luu suka tabbatar da shi a 1992, yana kawo wasu darussa na daban. Hasken rana a can kusan kashi ɗaya ne cikin dubu na wanda muke samu, ko ƙasa da haka, don haka faifan sola ba ya da amfani, sai batirin nukiliya. Kumbon New Horizons ya tashi a Janairun 2006, bai isa Pluto ba sai Yulin 2015, sannan ya wuce ta kusa da Arrokoth ranar 1 ga Janairun 2019. Ɗan wasa yana da madannin gaggauta lokaci, amma lissafin mai da na wuta ba ya sassauta masa.

Ilimin ya wuce nishaɗi. A watan Fabrairun 2013 wani dutse ya fashe a sararin Chelyabinsk na Rasha, mutum kusan 1,500 suka jikkata, akasari daga fasassun gilasai. A Satumban 2022 kumbon DART ya daki dutsen Dimorphos da gangan, ya rage lokacin kewayawarsa da kimanin minti 32, domin gwada ko za a iya karkatar da dutsen da ya nufo duniya. Najeriya tana da hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, ta kuma harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Lambobi shidan nan da ɗalibi ke shigarwa domin dutsensa na wasa, su ne injiniyoyin hukumar ke amfani da su wajen sanin lokacin da tauraron ɗan Adam zai gifta ta saman Abuja.