Ƙwayoyin da Muke Gani Cikin Burodi da Sosej: Kayan Ƙamshi ne Ko Ƙazanta?

Mu mutanen zango mun saba da burodin shayi da burodin siga da muke haɗawa da koko da safe, waɗanda cikinsu fari ne fat. Amma yanzu manyan kantuna na Ankara da Kumasi, da gidajen burodi na Kwara, wato 'yan Labanan, suna sayar da burodi da sosej iri-iri masu ɗauke da ƙananan ƙwayoyin da da yawa daga cikinmu ba mu san su ba. Wani yana gani sai ya ce ƙwaro ne, wani ya ce kashin ɓera ne, a zubar da abinci mai tsada, wani lokaci har a yi wa mai kanti ƙazafi. To, akasarin waɗannan ƙwayoyi kayan ƙamshi ne, kuma ana iya gane su da ido da hanci.

Bari mu fara da na gida. Riɗi kowa ya san shi, sai dai akwai baƙinsa, wanda ake rikita shi da habbatus-sauda. Riɗi shafaffe ne mai santsi, da tsini a gefe ɗaya. Ita habbatus-sauda tana da kusurwa uku, jikinta da kaushi, kuma in an tauna ta akwai ɗan ɗaci da yaji. Turkawa da Larabawa suna barbaɗa su duka biyu a bisa burodinsu.

Sai wasu guda biyar 'yan gida ɗaya, dangin karas. Na farko shi ne shammar, wanda Turawa ke rubutawa fennel a jikin kwali. Dogo ne, kore-kore mai ɗan rawaya, ɗanɗanonsa da zaƙi-zaƙi, kuma shi ne ƙamshin da aka san sosej na Italiya da shi. Na biyu yansun, wanda maƙwabtanmu Asante ke kira nkitinkiti, ƙamshinsa kusan ɗaya da shammar amma ya fi shi gajarta. Na uku kamun, mai ruwan ƙasa, ƙamshinsa da ƙarfi, ana sa shi a margez, wato jan sosej na Arewacin Afirka da ake yi da naman tunkiya ko na sa. Na huɗu kusbara, ita kuwa mulmulalliya ce kamar masoro amma mai haske, Turawan Afirka ta Kudu ba sa yin sosej ɗinsu na burewos sai da ita.

Na biyar shi ne mai jawo rigima, wato karawiya, wadda Turawa ke kira caraway, ana sa ta a baƙin burodin Jamus da Poland. Baƙa-baƙa ce, a lanƙwashe kamar jinjirin wata, tsininta biyu, girmanta kusan ɗaya da kashin ɓera. Ga yadda za a bambance. A ciro ƙwayar a ɗora bisa farar takarda wurin da akwai haske. Karawiya tana da zane-zane biyar masu haske a tsawon jikinta, in an murƙushe ta da bayan cokali sai ƙamshi ya tashi. Kashin ɓera ba shi da zane, marmashewa yake yi, ba ƙamshi. Ƙwaron gari kuwa ana ganin ƙafafunsa da kansa. Haka kuma kayan ƙamshi a warwatse suke ko'ina cikin burodin, ƙazanta kuwa ɗaya ce ko biyu a gefe. Abin da ba a tabbatar ba kada a gwada shi da harshe.

Akwai ƙwayoyin da sanin su ya wuce maganar ɗanɗano. Kashkash, wanda ake rubutawa poppy, ƙanana ne ƙwarai, shuɗi-shuɗi mai toka, siffarsu kamar ƙoda. Daga tsiron da ake samun ƙwayar ofiyom suke fitowa. Ba sa sa maye a burodi, amma wanda ya ci da yawa, gwajin fitsari na iya nuna alamar ƙwaya a jikinsa. Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Singafo sun hana shiga da su, saboda haka alhazai da fataken Dubai su kula da guzurinsu. Riɗi da hardal, wato ƙananan mulmulallun ƙwayoyi masu rawaya na sosej ɗin Jamus, suna tayar wa wasu mutane da borin jini, har numfashi ya sarƙe. Ƙasashen Tarayyar Turai sun sa su biyun cikin abubuwa 14 da dole a bayyana a jikin kwali, Amurka ma ta tilasta rubuta riɗi tun daga Janairun 2023. Yaron da leɓensa ya kumbura bayan cin irin wannan burodi, a garzaya da shi asibiti.

Sai dai jama'a, game da sosej, ba ƙwayar ce abin tambaya na farko ba. Duk waɗannan ƙwayoyi tsirrai ne, halal ne. Abin dubawa shi ne naman da kuma fatar da aka ɗura shi a ciki. Fararen ɗigo-ɗigon da ake gani a salami da mortadela ba ƙwayoyi ba ne, kitse ne, kuma a na Italiya kitsen alade ne. Sosej na Italiya da na Jamus galibi na alade ne, burewos ma akan haɗa shi da alade. Har sosej na kaza akan ɗura shi a hanjin alade, ko da yake wasu masana'antu suna amfani da hanjin tunkiya ko wata fata da ake sarrafawa daga ƙirgin sa. Don haka a karanta kwali gaba da baya, a nemi hatimin halal da lambar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana. In babu kwali, a tambayi mai sayarwa, ai matambayi ba ya ɓata.

Shawararmu ga iyaye da 'yan'uwa malamai ita ce a sayi kaɗan-kaɗan na waɗannan ƙwayoyi wurin masu kayan yaji, a nuna wa yara su gani, su shinshina, su koyi sunayensu da Hausa da Turanci. Su ne dai muke aika kanti, su ne kuma masu karanta mana kwali. Allah ya ciyar da mu halal, amin.