Makaɗan Leipzig da gwamnati ta haramta sau uku

Dandalin Wilhelm-Leuschner da ke tsakiyar birnin Leipzig na Jamus ba wurin da baƙo zai tsaya ɗaukar hoto ba ne. Fili ne fetal, jiragen lantarki na cikin gari suna ta kai da kawowa a gefensa, ga ginin majalisar birni can ya tokare sama. Na tsaya a wurin wata safiya ina rawar ɗari, hannuwa cikin aljihu, ina ƙiyasta inda 'yan sanda suka ja daga da karnukansu ranar Lahadi, 31 ga Oktoban 1965. Ba kan tsadar burodi aka yi arangamar ranar ba, ba kuma kan zaɓe ba. Kan wasu samari masu kaɗa gita aka yi ta.

Jagoransu Klaus Jentzsch ne, haifaffen garin Jena a 1942, mai kaɗa gitar nan mai kaurin murya. Yana ɗan shekara 16, a 1958, ya haɗa abokansa suka kafa ƙungiyar kiɗa a Leipzig, ya ari sunan gidan su mahaifiyarsa, Renft, ya laƙaba wa kansa da ƙungiyar. A 1962 hukuma ta hana su wasa. Wannan shi ne karo na farko. Sai suka sake suna, suka dawo a matsayin The Butlers.

A Jamus ta Gabas ta zamanin gurguzu, ba ka ɗaukar kayan kiɗa ka hau dandamali don kawai kana da baiwa. Sai ka je gaban kwamiti ka yi wasa, a duba jerin waƙoƙinka, a duba shigarka da askinka, sannan a ba ka takardar izini wadda ta ƙayyade har kuɗin da za a biya ka. Tun 1958 kuma akwai dokar da ta ce kashi 60 cikin 100 na abin da za a kaɗa dole ya fito daga ƙasashen gurguzu, na Yamma kada ya wuce kashi 40. Makaɗa kuwa sun iya allonsu: su rubuta jeri ɗaya a takarda, idan dare ya raba su kaɗa wani daban. Waƙoƙin Ingila da Amurka da kunne suke kwashe su daga Rediyo Luxembourg da tashar RIAS ta Balin ta Yamma, suna rubuta Turancin da ba sa ji yadda ya faɗo musu a kunne. Da yawa da hannunsu suke harhaɗa amsa-kuwwarsu.

Abin da ya fi ba ni dariya a tarihin nan shi ne rawar Lipsi. A 1959 hukuma ta ga matasa sun haukace da rawar Amurka, sai ta ɗauki wata rawa da aka ƙirƙira a nan Leipzig ta shiga tallata ta, namiji da mace su riƙe juna cikin natsuwa suna ƙirga taku. Ana ta buga ta a rediyo da talabijin. Matasa suka ƙi. Ai ba a yi wa ƙafa doka.

Bayan an gina katangar Balin a 1961, shugaba Walter Ulbricht ya ga tun da babu hanyar tsira, to a ɗan sassauta igiya. A 1963 jam'iyyar SED mai mulki ta fitar da sanarwar da ta nuna ba za a ƙara tsoma baki kan irin rawar da matashi zai taka ba. A watan Mayun 1964 aka yi gagarumin taron matasa a Balin ta Gabas, The Butlers suka yi wasa, har aka yaba musu. Daga taron nan aka samu shirin rediyon matasa mai suna DT64. Kamfanin faifai na gwamnati, Amiga, ya sa kiɗansu cikin jerin faifan Big Beat, kuma a 1965 shi da kansa ya buga faifan makaɗan Beatles na Ingila. A Leipzig da ƙauyukan kewayenta, duk zauren rawar da Butlers za su je sai ya cika ya batse, samari suna bin su gari gari.

Daɗin bai jima ba. Ranar 15 ga Satumban 1965 makaɗan Rolling Stones na Ingila suka yi wasa a dandalin Waldbühne na Balin ta Yamma, 'yan kallo suka farfasa kujeru suka yi kaca-kaca da wurin. Masu tsattsauran ra'ayi a jam'iyya, da Erich Honecker a gaba, dama neman dalili suke. Jaridu suka shiga zagin masu dogon gashi, ana kiransu 'yan zaman kashe wando marasa wanka. Ranar 21 ga Oktoba takarda ta iske Butlers: an hana su wasa har illa ma sha Allahu. Mafi yawan ƙungiyoyin kiɗan samari na Leipzig ma haka aka yi musu a 'yan kwanakin.

A nan ne labarin ya fi kama ni. Wasu yara biyu daga Markkleeberg, wani ƙaramin gari a kudancin Leipzig, suka ɗauki hatimin roba irin na wasan yara, suka buga 'yan takardu suna kiran masoya kiɗa su hallara a dandalin nan. Takardun ba su taka kara sun karya ba. Hukuma ce da kanta ta yi musu shela: aka bi makarantu da masana'antu ana gargaɗin matasa kada wanda ya kuskura ya je wuri kaza ranar kaza. Wanda bai ji ba ma ya ji.

Mutum 2,000 zuwa 2,500 ne suka taru, kuma an ƙiyasta masoya kiɗan na ainihi ba su wuce 800 ba. Sauran 'yan kallo ne da 'yan jam'iyya da jami'an tsaro cikin farin kaya. Ba kwalaye, ba jawabi. Tsayuwa kawai suka yi. Aka far musu da kulake da karnuka da motar feshin ruwa, aka kama fiye da 260. Daga cikinsu aka kwashi 97 zuwa mahaƙar kwal ta Regis-Breitingen, aka yi musu ƙwal-kwabo, suka yi aikin ƙarfi na makonni ba tare da sun ga alƙali ba. Tun boren da aka yi wa gwamnati ranar 17 ga Yunin 1953 ƙasar ba ta ga taro marar izini mai girman wannan ba. Marubuci Erich Loest, wanda ya zauna a Leipzig, ya sa abin da ya faru ranar cikin wani littafinsa na ƙagaggen labari daga baya. A watan Disamba, a babban taron kwamitin tsakiya na 11, Ulbricht ya tsaya yana ba'a da amshin waƙar Beatles, yana cewa a daina kwafo shara daga Yamma.

A 1967 aka sake ba Klaus izini, da tsohon sunan Klaus Renft Combo. A hankali suka bar kwaikwayon Turanci suka koma waƙa da Jamusanci, kuma a ganina nan ne suka zama haɗari na gaske, don yanzu kowa yana jin abin da suke faɗa. Gerulf Pannach da Kurt Demmler suna rubuta baituka, ga Thomas Schoppe da Peter Gläser da Christian Kunert a bakin waƙa. Honecker, wanda ya karɓi mulki a 1971, ya so a gan shi mai sassauci, saboda haka Amiga ta buga musu manyan faifai biyu, a 1973 da 1974. Suka zama taurarin ƙasa baki ɗaya.

Sai suka taɓo abin da ba a taɓawa. Wata waƙa ta yi magana kan samarin da suka ƙi ɗaukar bindiga a aikin soja, wata kuma, Rockballade vom kleinen Otto, kan wani da ya nemi tserewa Yamma abin ya ci tura. Ranar 22 ga Satumban 1975 aka kira su gaban kwamiti a Leipzig don sabunta izini. Sun shirya kayan kiɗa, amma shugabar kwamitin, Ruth Oelschlägel, ta shaida musu ba za a saurari komai ba, baitukansu sun ci mutuncin ma'aikata da jami'an tsaro, kuma daga ranar hukuma ta ɗauka ƙungiyar babu ita. Faifansu suka ɓace daga kantuna, rediyo ya yi shiru da su. Abin da kwamitin bai sani ba, Klaus ya shigo da rikoda a ɓoye. Kaset ɗin ya tsira, muryar matar tana nan.

Klaus ya fice zuwa Balin ta Yamma a 1976 ta hanyar auren wata 'yar Girka. Pannach da Kunert an kama su a ƙarshen shekarar, bayan korar mawaƙi Wolf Biermann daga ƙasar, suka yi wata tara a hannun 'yan sandan ciki na Stasi kafin a iza ƙeyarsu Yamma a 1977. Gläser da mai ganga Jochen Hohl suka zauna gida, suka ci gaba a wata ƙungiya, Karussell. A Yamma ba wanda ya san Klaus. Sarkin zaurukan Leipzig ya koma mai kula da na'urar sauti a gidan wasan kwaikwayo.

Bayan faɗuwar katangar Balin, 'yan ƙungiyar sun sake haɗuwa a 1990, zauruka suka sake cika da masu furfura da suka haddace kowane baiti. Klaus ya rasu ranar 9 ga Oktoban 2006, shekara 17 cif da ranar da mutum kusan 70,000 suka zagaye tsakiyar Leipzig suna zanga-zangar adawa da gwamnati ba wanda ya harbe su. Yanzu akwai ɗan gajeren titi mai sunan Renft a unguwar Möckern, gaban gidan rawa na Anker inda suka sha yin wasa. Daga dandalin da na tsaya jirgi guda ne zai kai ka, shi na hau da sanyi ya ishe ni.