"An Yi" da "An Gama": Yadda Ma'aikatan Manhaja Ke Ba da Labarin Aiki

A shekarar 2001 wasu masana 17 suka taru a Jihar Yuta ta Amurka, suka tsara wata hanya ta ƙirƙirar manhajar kwamfuta wadda ake kira Ajayil. Tushenta shi ne a yanyanka babban aiki gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a ba ta wa'adi gajere. A tsarin Sikiram, wanda Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka bayyana a 1995, wa'adin ba ya wuce wata guda, kuma kowace rana ma'aikata kan hadu na minti 15 su duba inda aka kwana. Galibi akan kafa allo mai gida uku, watau abin da za a yi, da wanda ake yi, da wanda aka gama. Mai nazarin Hausa zai lura nan take cewa gidajen nan sun dace da lokatan aikatau: mai zuwa, da mai ci, da shuɗaɗɗe.

To, wahalar tana gida na uku. Ma'aikaci kan ce "an yi" alhali ba a jarraba manhajar ba, shugaba ya ɗauka an gama, ya yi wa mai kaya alkawarin da ba zai cika ba. Saboda haka tilas ƙungiya ta fara shirya sharuɗɗan da za a cika kafin a kira abu gamamme.

Wannan bambanci kuwa yana cikin ƙirar aikatau ta Hausa. F. W. Parsons, a 1960, ya kasa aikatau aji bakwai, na huɗu kuwa yakan nuna ƙarewar aiki ƙaf. "Ya sha" daban, "ya shanye" daban. "An yi noma" ba "an nome gona" ba ne.

Manoman rake na Makarfi da Kudan da Ikara sun san haka tuntuni. Rake in an sare shi ba ya jira, sai ya yi tsami. Don haka damin da aka tara ba shi ne awon aiki ba, sai an matse, an dafa, mazarƙwaila ta daskare, sa'an nan a ƙirga. Haka nan masu Ajayil ke auna ci gaba da manhajar da ke aiki, ba da yawan wahalar da aka sha ba.

Lalle ya kamata malaman da ke shirya kalmomin wannan fanni su sa wa gida na uku "an gama". In aka rubuta "an yi", ƙofar ruɗu tana nan a buɗe.